Wa ke da ƙungiya, wa zai biya bashi? Yadda kamfanoni suka shiga harkar wasanni a Turkiyya

A ƙarshen watan Yulin 2025 Galatasaray ta amince ta biya Napoli yuro miliyan 75 domin mallakar Victor Osimhen, kuɗin da babu wata ƙungiyar Turkiyya da ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa guda. Wanda ya saba bin ƙwallon Ingila zai yi saurin tambayar wane attajiri ne ya zuba wannan dukiya, tunda a can kowace babbar ƙungiya da ubangidanta. To a Galatasaray babu irin wannan mutum. Babu shi a Fenerbahçe, babu shi a Beşiktaş, haka ma Trabzonspor. Dukkan huɗun suna da kamfanonin da ake cinikin hannayen jarinsu a kasuwar hannayen jari ta Istanbul, mutum ya saya da safe ya sayar da yamma in ya ga dama, amma komai yawan abin da ya tara a kasuwa ba zai naɗa koci ba, ba zai kori shugaba ba. Wuƙa da nama suna hannun ƙungiyar mambobi, waɗanda ke taruwa duk bayan shekara biyu ko uku su jefa ƙuri'a.

Wannan tsari mai fuska biyu, kamfani a takarda, zaɓe a aikace, shi ne ginshiƙin labarin, kuma a ganina shi ne tushen yawancin basussukan da suka dabaibaye ƙwallon ƙasar. Kafin a fahimce shi sai an koma baya.

Manyan ƙungiyoyin Istanbul sun girmi jamhuriyar Turkiyya kanta. An kafa Beşiktaş a 1903, Galatasaray a 1905, Fenerbahçe a 1907, duk a ƙarshen zamanin Daular Usmaniyya. Samari ne da ɗalibai suka haɗa kai. Ita Galatasaray ma a cikin makarantar sakandare mai wannan suna Ali Sami Yen da abokansa suka fara ta. Babu wanda ya zuba jari don ya ci riba. Da aka zo yi musu rajista, sai aka sa su a layin ƙungiyoyin sa-kai, masu mambobi da kuɗin wata da babban taro. An kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa a 1923, kuma a farkon lamari ƙungiyoyin ne ke tafiyar da harkarsu ta hanyar wata haɗaka da suka kafa da kansu. Hakan bai daɗe ba. A 1936 aka mayar da wasanni ƙarƙashin wata hukuma da ke jingine da jam'iyya ɗaya tilo mai mulki, sannan a 1938 doka mai lamba 3530 ta kafa babbar hukumar motsa jiki ta gwamnati, wadda ta karɓe ragamar komai.

Da wannan doka ta 1938 ne ma'aikatu suka shiga wasanni gadan-gadan, kuma da umarni suka shiga. Dokar ta wajabta wa duk masana'anta ko ma'aikatar da ke da ma'aikata sama da 500 ta tanadar musu wuraren wasa. A lokacin kuwa kusan duk wata babbar masana'anta ta gwamnati ce. Shi ya sa har yau in ka duba sunayen ƙungiyoyin Turkiyya za ka ga tarihin masana'antun ƙasar a jere: Adana Demirspor ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce, an kafa ta a 1940, Ankaragücü ta taso ne daga ma'aikatan masana'antar ƙera makamai, Şekerspor ta kamfanin sukari, Karabükspor ta garin da ake narka ƙarfe, a Zonguldak masu haƙar kwal ne, Rizespor, inda Aminu Umar ya taka leda, har gobe tana ɗauke da sunan Çaykur, kamfanin ganyen shayi na gwamnati. An halatta ƙwallon neman kuɗi a 1951, aka fara gasar ƙasa baki ɗaya a 1959, amma a idon doka ƙungiyoyin suna nan a matsayinsu na masu aikin sa-kai, ko da kuwa sun fara biyan albashi da sayen 'yan wasa.

'Yan kasuwa masu zaman kansu ta wata ƙofa suka shigo, kuma nan ne ya kamata a ɗan tsaya, domin masu kallon ƙwallon ƙafa kaɗai ba su cika sanin wannan ɓangare ba. A 1966 iyalan Eczacıbaşı, masu kamfanin haɗa magunguna, suka kafa ƙungiyar wasanni da sunan kamfaninsu. Ba su je gogayya da Fenerbahçe a filin ƙwallon ƙafa ba, suka kama ƙwallon kwando da ƙwallon raga, wasannin da ba su da tsada kuma ba mai tsayawa a kansu. Ƙungiyarsu ta mata a ƙwallon raga ta lashe gasar ƙasa sau 17 a jere, a 1999 ta ɗauko kofin Turai, a 2015 ta zama zakarar Turai da ta duniya. Kamfanin motoci na Tofaş ya kafa tasa a Bursa a 1974. Rukunin kamfanonin Anadolu ya kafa Efes Pilsen a 1976, ita ce kuma ta ci kofin Korać na ƙwallon kwando a 1996 bayan ta fi ƙarfin Stefanel ta Milan, kofin Turai na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta ɗaga, shekara huɗu kafin Galatasaray ta doke Arsenal a wasan ƙarshe na kofin UEFA. Sunan na giya ne, don haka da aka tsaurara dokar tallan barasa sai ta koma Anadolu Efes a 2011, ta kuma lashe babbar gasar Turai ta EuroLeague a 2021 da 2022. In aka haɗa Eczacıbaşı da VakıfBank, ƙungiyar ƙwallon raga ta mata wadda bankin gwamnati ke riƙe da ita, za a ga inda 'yan matan Turkiyya suka samo horon da ya kai su ga cin kofin Turai na ƙasashe a 2023.

Me ya sa abin ya yi kyau a nan? Saboda mai kashe kuɗin shi ne mai biyan bashin. Kamfani yana ware kasafi a farkon shekara, ya san kuɗin talla ne da neman suna, kuma in manajan ƙungiya ya wuce gona da iri akwai wanda zai kira shi ofis ya tambaye shi. Ba zaɓe a gaba, balle a sayo tsohon tauraro don a burge masu ƙuri'a. Koci yakan daɗe, makarantar horar da yara takan samu kulawa. Sai dai tsarin yana da nasa rauni, kuma ba ƙarami ba ne. Tofaş ta ci gasar ƙwallon kwando a 1999 da 2000, a shekarar da ta ci na biyun kamfanin ya janye ta daga gasar. Ülkerspor ta kamfanin biskit, wadda aka kafa a 1993 ta kuma ci gasa sau huɗu, an rufe ta a 2006, kamfanin ya mayar da kuɗinsa wajen ɗaukar nauyin Fenerbahçe. Ƙungiyar da ba ta da jama'a a bayanta, zama ɗaya na daraktoci ya isa ya shafe ta.

A ƙwallon ƙafa kuwa sai bayan 1980 ƙofa ta buɗe, lokacin da Turgut Özal, wanda daga baya ya zama firaminista, ya juya tattalin arzikin ƙasar zuwa kasuwa. Doka mai lamba 3289 ta 1986 ta ba ƙungiyoyi damar miƙa sashen ƙwararrun 'yan wasansu ga kamfani. A 1992 doka mai lamba 3813 ta ba hukumar ƙwallon ƙafa 'yancin cin gashin kanta. Tashoshin talabijin masu zaman kansu suka ɓullo a 1990, a 1996 kuma aka fara sayar da haƙƙin nuna wasannin gasar a dunƙule, tashar Cine5 ta saya. Kuɗi suka fara shigowa da gaske. A waɗannan shekaru ne Uche Okechukwu da Jay-Jay Okocha suka sa rigar Fenerbahçe, Daniel Amokachi ya tafi Beşiktaş.

Attajiran farko da suka gwada mallakar ƙungiya kai tsaye sun bar darasi mai ɗaci. Cem Uzan, wanda iyalansa ke da banki da tashar talabijin da kamfanin waya, ya karɓi İstanbulspor a 1990 ya mayar da ita kamfani. Ya hau da ita babbar gasa a 1995, ya kawo Leo Beenhakker koci, ya ɗebo Oğuz Çetin da Aykut Kocaman daga Fenerbahçe, ya ƙara da Sergen Yalçın. Ta kai matsayi na huɗu a kakar 1997-98. Amma kujerun filin wasa ba su cika ba, domin mutumin Istanbul gadon ƙungiya yake yi daga ubansa, kuɗin wani ba ya sauya masa ita. Da bankin İmar na iyalan ya rushe a 2003, hukumar inshorar ajiyar bankuna ta ƙwace kadarorinsu, har da ƙungiyar. Ta faɗa rukuni na biyu a 2005, aka yi gwanjonta a 2006 kamar yadda aka yi gwanjon sauran kayan gidan. Uche Okechukwu yana cikin 'yan wasanta a waɗannan shekaru na wahala.

Irin haka ta faru a garuruwan Anatoliya, wato ɓangaren ƙasar da ke nahiyar Asiya. Kamfanonin da suka tara kuɗi daga hannun Turkawa 'yan ci-rani a Jamus sun liƙa sunayensu a jikin ƙungiyoyi: Jet-Pa a Siirt, Yimpaş a Yozgat, Kombassan a Konya. Siirt da Yozgat suka hau babbar gasa a 2000, gari ya ɗauki murna, da kamfanonin suka shiga matsala ƙungiyoyin suka gangara da sauri fiye da yadda suka hau. Göztepe ta Izmir, mai dogon tarihi da magoya baya na gani-kashe-ni, ta faɗa hannun waccan hukuma ta bankuna sakamakon rushewar harkokin mai gidan jaridar da ya saye ta, kuma zuwa 2007 ta tsinci kanta a gasar 'yan dagaji.

Manyan ƙungiyoyin kuwa, mambobinsu ba su da niyyar miƙa gadonsu ga kowa. Amma suna son kuɗi. Sai suka ɓullo da dabara: ƙungiya ta kafa kamfani, ta riƙe rinjaye da ikon naɗa shugabanni, ta sayar wa jama'a wani ɗan kaso. Beşiktaş da Galatasaray suka shiga kasuwar hannayen jari a Fabrairun 2002, Fenerbahçe a 2004, Trabzonspor a 2005.

Yadda aka tsara kamfanonin shi ne abin lura. Beşiktaş ta zuba komai a ciki, kuɗin shiga da na fita. Sauran ukun kuwa kuɗin shiga kawai suka sa a kamfanin, wato na talabijin da talla da tikiti, suka bar albashin 'yan wasa da kuɗin sayensu a wuyan ƙungiya. Kamfanin da ba ya kashe komai dole ya nuna riba, an kuma yi alkawarin raba ribar ga masu hannun jari. Tamkar mutum ne ya sayar da nonon saniyarsa na shekaru masu zuwa, ya bar wa kansa sayen dusa da harawa. Ranar farko ya ƙirga kuɗi da yawa, daga nan kullum nono na fita, ciyarwa na kansa. Galatasaray ma tun kafin shiga kasuwa ta sayar wa kamfanin AIG na Amurka kusan kashi 21 cikin ɗari, zaman da ya ƙare da rikici. Sai da ta sha wahala kafin ta haɗe kamfanoninta wuri guda a 2010, Fenerbahçe da Trabzonspor su ma suka bi sahu suka watsar da tsarin.

An gyara wannan, amma babbar matsalar tana nan daram. Shugaban ƙungiya da zaɓe yake hawa, kuma mai ƙuri'a kofi yake so a bana. Wanda ya ce zai tsuke bakin aljihu ya biya bashi cikin shekara goma ba zai kai labari ba. Wanda ya yi alkawarin sauko da tauraro a filin jirgin sama shi ake tafa wa. In ya hau sai ya ranto kuɗi, ya jinginar da kuɗin talabijin na shekarun da ba zai kasance a kujera ba, in wa'adinsa ya cika babban taro ya wanke shi, ya koma kasuwancinsa. Bashin ya zama na ƙungiya, ƙungiya kuwa ta kowa ce. Dubi Ali Koç, ɗan gidan da ke cikin mafiya arziki a Turkiyya. Bai iya sayen Fenerbahçe ba, sai da ya tsaya takara a 2018 ya kayar da Aziz Yıldırım, wanda ya shekara 20 a kan kujera. Ya tarar da bashi har wuya, a 2019 ƙungiyar ta fito talabijin tana neman gudummawar magoya baya. Beşiktaş ma ta yi irin wannan gidauniya a 2020. Kamfanoni ne fa da ke cikin kasuwar hannayen jari, suke miƙa ƙoƙon bara ga direban tasi da ɗan makaranta, su kuma suna bayarwa da zuciya ɗaya. Wannan soyayya ita ce ƙarfin ƙungiyoyin, kuma ita ce shugabanni suka daɗe suna jingina da ita. Shi kansa Koç a Satumban 2025 masu ƙuri'a suka sauke shi ba tare da ya ci gasar lig ko sau ɗaya ba.

Faɗuwar darajar lira ce ta tona asiri. Albashin 'yan wasan waje da yuro ake biya, yawancin kuɗin shiga kuwa da lira suke zuwa. A 2010 dala ɗaya kimanin lira ɗaya da rabi ce, a 2024 ta haura 30. Kwangilar talabijin da ta kai dala miliyan 321 a shekara a 2010, ta hau zuwa miliyan 500 a 2016, ta dawo miliyan 182 a 2024. UEFA ta hana Galatasaray shiga gasar Turai na shekara guda a 2016 saboda karya ƙa'idar kashe kuɗi, ta yi wa Trabzonspor haka a 2020. Ƙananan ƙungiyoyi kuwa ba mai ceto: Gaziantepspor ta mutu, Bursaspor da ta ci gasar a 2010, inda Shehu Abdullahi ya buga wasa, ta gangara har rukuni na huɗu a 2024.

Manya huɗun ba a bari sun faɗi ba, domin babu gwamnatin da za ta yarda a ce a zamaninta aka rufe Fenerbahçe ko Galatasaray. A 2019 ƙungiyar bankunan ƙasar, da bankin Ziraat na gwamnati a gaba, ta sake tsara basussukansu, a 2021 aka sake zama a kan kimanin lira biliyan 8.4, aka ba su shekara tara, shekara biyu da rabi na farko ba biyan uwar kuɗi. Yawancin sababbin filayen wasa ma gwamnati ce ta gina. Na Galatasaray da aka buɗe a 2011 hukumar gidaje ta TOKİ ce ta yi shi. Wato bayan shekara 80 da dokar 1938, kamfanoni sun shigo, kasuwar hannayen jari ta shigo, amma in rana ta ɓaci ƙofar gwamnati ake bugawa. Trabzonspor ta fita daga yarjejeniyar bankunan a 2024, Galatasaray a 2025, kuma hanyoyin da aka bi sun haɗa da cinikin filaye, kamar na Galatasaray a Riva da Florya, da ƙara yawan hannayen jari a nemi masu riƙe da su su sake zuba kuɗi. Ƙaramin mai jari, wanda sau da yawa magoyin baya ne, shi ya ɗauki wani ɓangare na nauyin. Fili kuwa sau ɗaya ake sayar da shi.

A Afrilun 2022 majalisar dokoki ta zartar da doka mai lamba 7405. Ta cire ƙungiyoyin wasanni daga layin sauran ƙungiyoyin sa-kai ta mayar da rajistarsu ma'aikatar matasa da wasanni, ta ƙirƙiro kamfanin wasanni a matsayin nau'i na musamman, ta ba hukumomin wasanni ikon wajabta shi a wasu gasa. Mafi muhimmanci, ta sa iyaka ga cin bashi da jinginar da kuɗin gaba, ta ce shugaban da ya ƙetare iyakar zai biya daga aljihunsa, har da yiwuwar ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku. A nan dokar ta taɓa inda ke ciwo, tunda ta liƙa bashi a jikin mutum mai suna. Damuwata ita ce aiwatarwa. Hukumar ƙwallon ƙafa ta fara sa wa ƙungiyoyi iyakar kashe kuɗi tun 2019, amma duk da haka kowace bazara sai an ga manyan sunaye suna sauka a Istanbul. Akwai kuma masu sukar cewa dokar ta ƙara wa ma'aikata iko a kan hukumomin wasanni, kuma sukar tana da tushe.

A gefe guda, sabon zubin masu mallaka ya fito a ƙungiyoyin da ba su kai manyan ba. Başakşehir ta ƙaramar hukumar birnin Istanbul ce tun 1990, aka mayar da ita kamfani a 2014, ta ci gasar a 2020, ta zama ta shida da ta taɓa yin haka. An yaba mata tsari da natsuwa, sai dai ba a rabu da maganar kusancinta da masu mulki ba, ganin cewa Erdoğan da kansa ya sa riga ya buga wasan buɗe filinta, kuma har yau 'yan kallonta ba su da yawa. Yüksel Yıldırım ya karɓi Samsunspor a 2018 tana rukuni na uku, ya dawo da ita babbar gasa a 2023, ta ƙare ta uku a kakar 2024-25. Fatih Karagümrük, wadda Ahmed Musa ya koma a 2021, ita ma hannun mutum ɗaya take. Acun Ilıcalı, mai tashoshin talabijin kuma masoyin Fenerbahçe, da ya so ƙungiyar da za ta zama tasa ta kansa, Ingila ya nufa ya sayi Hull City a 2022.

Wadda na fi sa wa ido ita ce Göztepe, domin ta haɗa abu biyun da aka daɗe ba a samu tare ba a Turkiyya: jama'a masu cika fili, da mai mallaka wanda asara ke shafar aljihunsa. Rukunin kamfanonin Altınbaş ya saye ta a gwanjon 2007, Mehmet Sepil ya karɓa a 2014 ya kai ta babbar gasa a 2017, ta sake faɗuwa a 2022. A watan Agustan shekarar kamfanin Sport Republic, mai Southampton ta Ingila, ya sayi kashi 70 cikin ɗari, karo na farko da masu jari daga waje suka mallaki ƙungiyar ƙwallon Turkiyya. Ta dawo babbar gasa a 2024, tana sayen matasa da araha tana renonsu don ta sayar. Haɗarin a nan shi ne ƙungiyar da ta shekara ɗari a Izmir ta zama wurin renon 'yan wasa ga wata a ƙetare, ana yanke shawarar makomarta a ofishin da magoya bayanta ba su da ƙuri'a a ciki. Sepil ya riƙe sauran kashi 30, kuma abin da zai nuna ingancin wannan ciniki shi ne yadda masu jarin za su yi a kakar da ƙungiyar ta yi asara biyu ko uku a jere.